Rawanin Ustaz Dafallah

Ni ba na tafiya da kowa. Duk wanda ya san ni a Umdurman ya san haka. Jakar goyona da tantina da takalmin da ya sha duniya, su ne abokan tafiyata, kuma ba su taɓa ce mini in tsaya su huta ba. Na hau bayan manyan motoci a kan buhunan albasa har Dongola, na tsallaka kogi a kwalekwale, na kwana a tashoshi, duk don in tsaya gaban wani tsohon gidan bauta na mutanen da, in shafa dutsensa da hannuna. 'Yan unguwa sun yi surutu har bakinsu ya gaji. Wai mace da jaka a baya kamar soja! Na ce su yi ta yi, baki nasu ne.

Wanda ya sa mini wannan ciwo kuwa babana ne, shi da bai taɓa zuwa ko'ina ba. Ustaz Dafallah, malamin tarihi. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane labarin sarakunan da suka gina gidajen nan, daga wasu hotuna marasa launi da ke cikin littafin makaranta. Ya san sunan kowane sarki har da na uwarsa, amma ko sau ɗaya bai taɓa ɗora ido a kan dutsen ba. Kullum sai baɗi. Daga baya jinyar mahaifiyata Sittana ta zo ta cinye sauran baɗin. Da ta rasu ya yi ritaya, ya dawo ƙofar gida ya zauna, daga shi sai rediyo sai ciwon suga.

Ranar da nake ɗaure kaya zan tafi gidan bautar zaki, wanda ke can cikin hamada gabas da Shandi, na ɗaga kai sai na gan shi tsaye a bakin ƙofa. Ya sa farar jallabiya, ya naɗa sabon rawanin da yayana ya aiko masa daga Makka, wanda aka ce an wanke da zamzam. Tunda aka kawo shi yana cikin akwati, ko Idi bai taɓa zuwa ba.

"Ina zuwa haka, Baba? Ɗaurin aure?"

"Inda za ki."

"Inda za ni babu kujera, babu rediyo, babu mai kawo maka shayi."

"Ke! A bakin wa kika fara jin sunan wurin? Yau ke za ki yi mini iyayi da shi?"

Na yi masa bayanin rana, na yi masa na tafiyar ƙasa, na tuna masa da ciwonsa. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce in ban tafi da shi ba zai bi ni a motar da ke bayan tawa. Na san halinsa, zai aikata. Gaskiya kuma raina ya yi daɗi, ko da yake ban nuna masa ba.

Har Shandi lafiya lau. Ya ci wake da man riɗi a tasha, ya yi gardamar tarihi da wani mai sayar da dabino, ya kayar da shi. Washegari da sassafe muka sami akori-kurar da ke kai wa makiyaya suga da gari. Ba ta zuwa gidan bautar, amma tana bi ta kusa. Direban ya sauke mu a wata mararraba, ya nuna gabas da haɓa, ya ce jibi zai dawo ta nan. Na riga na tambaya a gari, an tabbatar mini akwai mai gadi a wurin, yana da randa. Na ɗauko manyan gorunan ruwa da na san za su kai mu har su yi saura. A wannan fannin ba na wasa.

Mun yi tafiya mai ɗan dama, Baba na gaba da sandarsa yana ta zuba kamar yana aji, sai muka hango mutum yana tahowa daga kudu. Wani dogon tsoho ne busasshe, da rawani mai launin ƙasa, da salkar da ta lanƙwame a kafaɗarsa. Ya yi sallama da murya a shaƙe. Sunansa Jibara, makiyayi ne, taguwarsa ce ta ɓata tun jiya yake bin sawunta. Bai roƙi komai ba. Ido kawai ya kai kan gorar da ke maƙale a jikin jakata, ya kawar da kai.

Baba ya miƙo mini hannu. Na ba shi gorar da muka fara sha. Tsohon ya kafa kai, bai sauke ba sai da ta zama wayam. Na ce to, an yi sadaka, Allah ya karɓa. Sai Baba ya sake miƙo hannu, wai a cika masa salka.

"Baba," na ce, ina danne murya.

"Ba a auna wa mai ƙishirwa ruwa, Ishraga. Kawo."

Na harare shi, na taka masa ƙafa, a banza. Tsohon ya lura, ya ce, "Kada ki damu, 'yata. Rijiya na gabanku, a gindin gidan duwatsun nan da za ku. Tun ina yaro ban taɓa ganin ta ƙafe ba. In ƙarya nake yi, matata ta saku."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya. "Kin ji ko? Bawan Allah ya sa matarsa a ciki. Me ya rage kuma?"

Haka mazanmu suke, a kan kofin shayi ma sai su rantse da igiyar aurensu. Na juye masa ruwan ina ƙunƙuni. Ya yi godiya, ya bi sawun taguwarsa, mu kuma muka ci gaba da abin da ya rage mana.

Daga nan rana ta buɗe. Mai ciwon suga kuwa ba a raba shi da ruwa, taku kaɗan sai ya ce in miƙo. Surutun ya ragu, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Na karɓi 'yar jakarsa na haɗa da tawa. Rana ta take tsaka muka hango wurin, wata doguwar ƙofa ta dutse tsaye a tsakiyar fili, ga ginshiƙai a bayanta. Baba ya tsaya cak, ya dogara da sanda.

"La'ilaha illallahu," ya ce. "Ashe ja ne! Ni duk zatona ruwan toka ne."

Ni hankalina ba a nan yake ba. Na wuce kai tsaye ɗakin mai gadi. Ƙofa a ɗaure da waya, randa a kife, ko danshi babu a gindinta. Daga baya na ji rasuwa aka yi masa ya tafi garinsu. Na ƙwala kira har sau nawa, ko tsuntsu bai amsa ba. Na duba waya, babu sabis, da ma ban sa rai ba. Na zaunar da Baba a inuwar ƙofar dutsen, na ce ya jira ni, na ɗauki gorunan na nufi rijiya da gudu-gudu.

Rijiyar na nan kuwa. Baki mai faɗi, an kewaye shi da gumagumai waɗanda igiya ta ci har ta yi musu kwari-kwari. Ga kashin awaki ɗanye, ga kwamin shayar da dabbobi da sauran laka a ciki, ta fara tsattsagewa. Na leƙa, duhu. Na jefa tsakuwa na kasa kunne, na jira, na jira, can ƙasa na ji ta ce ɓul. Ruwa ne, wallahi ruwa ne. Na waiga in ɗauki guga, sai na ga babu guga, babu igiya. Abin da na gani wata doguwar hanya ce da kofaton jakuna ya daddaɓe, ta tashi daga bakin rijiyar ta miƙe sak cikin fili. Nan jaki ke bi yana jan igiya. Na bi tsawonta da ido har ƙarshe, na gane tsawon nan shi ne zurfin rijiyar.

Mu a birni famfo muke murɗawa. A nan kuwa kowane gida da igiyarsa da gugansa. Su zo da asuba, su shayar, kafin rana ta yi zafi su naɗe kayansu su ɗora wa jaki su tafi. Igiya dukiya ce, wa zai bar ta a daji? Tsohon nan bai yi mana ƙarya ba, matarsa na nan daram. Abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba shi ne akwai ɗan Adam mai hankali da zai nufi rijiya hannu rabbana. Rijiya ta bayar, guga ya hana, mu ko gugan da zai hana ma ba mu da shi. Kuma ba mai dawowa sai gobe da asuba.

Na kwashi lakar kwamin a gefen ɗankwalina na matse. Abin da ya ɗigo bai cika murfin gora ba, ga warin fitsarin awaki.

Da na koma na tarar Baba ya zame ya jingina da bango. Leɓensa ya yi fari, goshinsa a bushe ƙamas, babu ko ɗigon gumi, jikinsa kamar garwashi. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Na ɗago kansa na ba shi ɗan guntun ruwan da ya saura a gindin gora, ya yi zafi kamar shayi.

"Sha ke ma, Sittana," ya ce.

Sunan uwata ya kira. Na kai gorar baki na yi kamar na sha, na mayar masa ya shanye. Na san ba zai kai asuba a haka ba. Na sani kamar yadda na san sunana.

Na zazzage jakata a ƙasa. Igiyoyin tanti, igiyar shanya, igiyar takalmi tawa da tasa, maɗauran jakar kanta, duk na kwance. Na zaro wuƙa na hau kan lafayar da nake yafawa in zan shiga gari, mai furanni, ta mahaifiyata ce, na tsaga ta siri-siri a tsaye. Na tsaga zanin kwanciya. Na tsaga jallabiyar Baba ta canji. Tantin ma na yanka shi, mai ruwan lemo, amma yadinsa santsi gare shi, ƙulli ba ya zama sai na yi biyu na ja da haƙori. Bakina ba miyau, ina ƙullawa ina zagin rana, ina zagin mai gadi, ina zagin taguwar da ta rasa ranar ɓata sai jiya.

Na zuba 'yan tsakuwoyi a cikin gora don ta nutse, na ɗaure wuyanta, na kwanta rub da ciki a bakin rijiya na fara saki. Ƙulli na bin ƙulli ta cikin tafin hannuna. Ina ta kasa kunne. Igiyar ta ƙare, na miƙa hannu iya tsawonsa har kafaɗata ta shiga rijiyar, shiru. Na jawo gorar, a bushe ta fito kamar yadda ta shiga.

Na koma na ƙara da ɗankwalina, da hannayen rigata, da wandon canji, da safa. Na durƙusa gaban Baba na ce zan rage masa jallabiyar jikinsa. Har ɗaga mini ƙafa ya yi na yanke ta zuwa gwiwa. Na sake komawa, na sake saki, na sake jin shiru. Wannan karon na ɗaure bakin igiyar a jikin gungume, na ɗauko ɗan madubina na tara rana, na haska ciki. Da ƙyar na saita. Can ƙasa na ga gorar tana lilo, ƙarƙashinta kuma ruwa na ƙyalli. Tsakaninsu bai fi tsayin gida ba.

Na zauna daɓas na fashe da kuka, amma ko hawaye babu. Ina ganin ruwa da idona, ubana na mutuwa a bayana. Na dubi jikina, babu abin da ya rage sai abin da zai rufa mini asiri. Na dubi fili, ba ciyawa, ba kaba, ba komai. Sai na waiga wajen ƙofar dutsen, na hango farin abu a kansa.

"Baba, ba ni rawanin."

Ya buɗe ido. A lokacin hankalinsa ya ɗan dawo, ya gane ni. Ya ɗaga hannu biyu ya dafe kansa.

"A'a."

"Saura kaɗan in kai ga ruwan. Sabo ne, yana da ƙarfi, in na tsaga shi zai kai har ya yi saura."

"Na ce a'a. Ki nemi wani abu."

"Wane abu? Gashin kaina? Baba, don girman Allah!"

"Ishraga, zauna ki ji." Harshensa ya yi nauyi, kalma na fita ɗaya-ɗaya. "Kakanki a hanyar fatauci ya rasu. Da rawaninsa aka rufe shi. Namiji in zai yi doguwar tafiya, da likkafaninsa yake fita a ka, don kada ya ɗora wa mutanen hanya nauyi. Ke kin zaci don kwalliya na naɗa shi?"

Sai yanzu na gane dalilin da ya sa rawanin bai taɓa zuwa Idi ba.

"Wato tun daga gida ka shirya mutuwa, ni ce ba ni da labari?"

"Ban shirya ba. Amma in ta zo, ba na so a binne ni a cikin tantinki mai ruwan lemo."

"Tantin ma babu shi, na yanka! Baba, ba mutuwa za ka yi ba, ruwa za ka sha. In mun koma ni zan saya maka wani, goma ma in kana so."

"Wanda aka wanke da zamzam?"

"Zan wanke shi da ruwan rijiyar nan, in ka bar ni na kai gare shi!"

Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da Annabi, na haɗa shi da kabarin uwata. Ya rufe ido, hannunsa na kan rawani. Taurin kai irin na malaman makaranta, wanda in sun ce amsa kaza ce, ko littafin ya zo da kansa ba za su canza ba. Inuwa ta fara tsawo. Numfashinsa ya koma sama-sama, yana fitar da wani wari kamar na 'ya'yan itacen da suka fara lalacewa. Raina ya ɓaci, tsoro ya haɗu da fushi, na rasa wanne ya fi yawa.

"Ka yafe mini, Baba," na ce, na kama bakin rawanin.

Ya riƙe. Wallahi ya riƙe da iya ƙarfinsa, sai dai ƙarfin bai kai na jariri ba. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Rawanin ya warware, hular ciki ta faɗi ta gangara. Ga kan ubana a fili, sanƙo da 'yar furfura a gefe, mutumin da ko maƙwabci bai taɓa ganinsa kai ba komai ba. Ya sa tafin hannu ya rufe.

"Ki ji tsoron Allah, 'yar nan," ya ce a hankali.

Ban tsaya ba. Da na tsaya da na mayar masa. Na ɗora masa hular, na ruga bakin rijiya, na sa wuƙa na ɓara bakin yadin na ja. Ƙarar yagewarsa har yau tana kunnena. Na tsaga shi gida huɗu a tsaye, na ƙulla, na haɗa da sauran, na yi bisimilla na fara saki. Ruwan lemo ya wuce, furannin uwata suka wuce, fari ya fara shiga. Ya shiga, ya shiga, saura kamu kaɗan a hannuna, sai na ji igiyar ta yi sako-sako. Can ƙasa gorar ta fara ɓul-ɓul-ɓul.

Jawowar ta fi sakin wuya. Kowane ƙulli in ya zo bakin gungumen sai ya maƙale, in sa hannu in ɗaga shi kamar ƙwai. Wani ƙullin na tanti ina kallonsa yana zamewa, na daina numfashi har ya shigo hannuna. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa. Gorar ta fito da ruwa fiye da rabi, mai sanyi, mai ɗan gishiri-gishiri. Ban ko ɗanɗana ba na kwasa a guje.

Kurɓar farko ya amayar. Na jira, na ɗiga masa kaɗan-kaɗan kamar ɗan tsako. Na koma na sake jawowa, na jiƙa masa kai da ƙirji, na sake komawa. Ban san sau nawa na yi ba. Tafin hannuna ya saɓule, farin yadin ya yi jirwaye da jini da laka. Sai a wani zuwan na tuna ni ma ban sha ba.

Wajen faɗuwar rana ya buɗe ido sosai. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya taɓa hularsa.

"To, tunda kin ɓata mini likkafani, sai ki ba ni ruwan in yi alwala."

Na yi dariya ina kuka, yanzu kam da hawaye. Ya yi sallolinsa a zaune. Da ya sallame ya ce in kai shi gaban ƙofar, bai zo duk wannan hanya don ya kalli bayan bango ba. Na rataya hannunsa a wuyana, muka zagaya da kaɗan-kaɗan. Rana ta yi ja, ta haske dutsen gaba ɗaya. A hannun hagu sarki ne, ya ɗaga makami. A hannun dama sarauniya, ƙatuwa, tsayinta ɗaya da nasa, ta damƙi gashin abokan gaba a hannu guda, ga zaki a gindin ƙafarta.

Baba ya daɗe yana kallo, bakinsa na motsi. Ya sa yatsa ya bi layin ƙafar zakin.

"Shekara da shekaru ina ce wa yara ta fi shi ƙanƙanta," ya ce. "Hoton ne aka ɗauka a karkace. Allah sarki, duk na aika su duniya da ƙarya." Ya juyo ya dube ni, ya sake duban sarauniyar. "Kin ga yadda ta damƙe su? Haka kika yi mini ɗazu. Ashe gado ne."

"Ka yafe?"

"Ni da na sha ruwan? Ai an haɗa baki da ni. Allah ya yi miki albarka, uwar taurin kai."

Nan muka kwanta a gindin ƙofar, kansa a kan abin da ya rage na jakata. Na ce ba zan runtsa ba, amma gajiya ba ta san alkawari ba.

Kukan jaki ne ya tashe ni, gari ya yi fari. Makiyaya sun iso, awaki ko'ina, mata na sauke igiyoyi. Na yi wuf na ce, "Baba, sun zo! Tashi, ga su nan sun zo!" Na taɓa hannunsa. Ya yi sanyi. Fuskarsa na kallon bangon, hularsa a daidai, kamar wanda ya gyara ta da kansa.

Ihun da na yi ne ya kawo su. A gabansu akwai dogon tsohon nan, Jibara, yana jan taguwa. Ya same ta. Ya durƙusa, ya duba, ya yi salati, ya shafe wa Baba ido. Ni kuwa na yi kansa kamar mahaukaciya.

"Kai ne! Kai ka ce akwai rijiya! Ka shanye mana ruwa, ka rantse da matarka, ba ka ce mu nemi igiya ba! Ga taguwarka nan ka samu, ni ina zan sami nawa?"

Ya tsaya yana dubana, bai kawar da kai ba. Matan ne suka riƙe ni, wata ta cire mayafinta ta rufa mini, don sai a lokacin na tuna yadda nake. Suka zaunar da ni. Ina kallo aka kora jaki ya bi doguwar hanyar nan, guga ya fito cike, yana zuba ta ko'ina. Guga ɗaya ya fi duk abin da na yini ina jawowa. Da shi za a yi wa ubana wanka.

Mota sai gobe, rana kuwa ba ta jira. Suna da maƙabarta a bayan tudu, mazan suka ce a nan za a sa shi. Na ce to. Can sai tsohon ya dawo ya tsaya nesa kaɗan da ni.

"'Yata, ina rawaninsa? Jiya na ga fari sabo a kansa."

Na nuna masa bakin rijiya, inda igiyata take a tare a gindin gungume. Ya je ya tsuguna, ya ɗauke ta yana bin ta ƙulli-ƙulli ta cikin hannunsa. Igiyar takalmi, ruwan lemo, furanni, safa, har ya zo kan farin, siri-siri, duk jini da laka. Ya daɗe riƙe da shi. Sauran mazan suka zo suka tsaya a kansa suna kallo.

Ya ajiye ta a hankali, ya miƙe. Ya kai hannu ya kama bakin nasa rawanin, ya fara warwarewa. Dogo ne, ya tsufa, ya yi launin ƙasa. Ya kai shi kwami ya wanke, ya matse, ya sake wankewa, ya shimfiɗa a kan wani faɗaɗɗen dutse na gidan bautar, ya danne gefunan da tsakuwa. A irin ranar nan kafin a gama haƙa ya bushe.

Na san abin da rawanin nan yake a wurinsa, jiya aka koya mini. Fushin da ke raina ya rasa inda zai tsaya. Na tashi na je kusa da shi.

"Baffa, kai fa? In taka ta zo a hanya, da me za a rufe ka?"

Ya dubi hanyar da muka fito jiya, ya ɗan ɗaga kafaɗa.

"Wani zai wuce," ya ce.

Ya karɓi fartanya a hannun wani, ya nufi bayan tudun, kansa ba komai, rana na dukan furfurarsa.